Kofin Shuɗi

A garinmu na Bohemiya,
inda dusar ƙanƙara ke kwana kan rufin coci har watan Maris,
kakana Vendelin ya shekara arba'in da ɗaya
yana hura gilashi.

Yashi ne da toka, in ji shi,
ba abin da za ka waiga ka kalla.
Sai wuta ta lashe su, su narke, su yi ja,
ya ɗebo curi a bakin bututun ƙarfe,
ya kafa leɓe, ya busa.
"Duba, Zdenka, yatsana bai taɓa cikinsa ba.
Juyi kawai nake yi daga waje.
Mai ba shi siffa yana ciki."

Shekarata tara a lokacin.
Na zaci zancen kwalba yake yi.

Da huhunsa ya gaji,
aka rataye bututun a ƙusa.
Ya koma bakin taga cikin bargo
yana lissafin numfashi kamar marowaci da kwabo.

Wata Alhamis aka ƙwanƙwasa ƙofa.
Oldrich ne.
Shi ne, a shekarun da addu'a a fili kan ci aikin mutum,
ya rubuta sunayen masu taruwa a ɗakin girkinmu
ya kai inda ake kaiwa.
Shekara talatin ba sa ga-maciji.
Ga shi tsaye, hula a hannu,
ƙanƙara na narkewa a kafaɗarsa,
ya binne matarsa ranar Litinin,
baki ya ƙi buɗuwa.

Na riƙe ƙofar rabi, ina jiran a ce rufe.
Na san kakana.
Ya taɓa maka tulu da bango
don kumfa ɗaya kamar ƙwayar riɗi.
Na ga muƙamuƙinsa na motsi,
jijiyar wuyansa ta miƙe.
Agogo ya yi ta tafiya shi kaɗai.

"Ɗora ruwan shayi," in ji shi.
"Sauko da kofin shuɗin."
Kofin da ya hura na ƙarshe,
wanda ko ni ban taɓa kai wa baki ba.

Ba su yi wata doguwar magana ba.
Tururi ya tashi tsakaninsu,
tari ya amsa wa tari.

Da dare ina gyara masa matashi na ce,
"Kaka, ina ka samo wannan ƙarfi?"
Ya yi dariya har ta sarƙe shi.
"Ni? Da ba na iya kashe kyandir?
Zagi ne a harshena,
shekara talatin ina wasa shi kamar wuƙa.
Na buɗe baki, sai aka riga ni."
Ya ɗora tafi a ƙirji.
"Akwai mai zama a nan.
Ruhu Mai Tsarki ba baƙon Lahadi ba ne,
mazaunin gida ne.
Ba ya ihu, ba ya ɓalle ƙofa.
In wuta ta tausasa ni, ya busa kaɗan.
In na huce na taurare, ya jira.
Jiransa ya fi taurina tsawo."

Ya rasu kafin ƙanƙarar ta gama narkewa.

Yanzu bututun na hannuna.
Na gaji leɓensa, na gaji fushinsa.
Jiya ma na daka wa yaron shago tsawa
kan abin da bai kai ba,
na kwana ana taɓa ni daga ciki
har na nemi gafararsa da safe.
Kafin in busa, nakan ɗan dakata
in saurari wanda ke numfashi a ƙasan numfashina.

Oldrich yana zuwa duk Alhamis.
Hannunsa na rawa,
ya ɓantare bakin kofin shuɗin.
Na gani.
Na ƙara masa shayi.